Goggon Cikin Littafi da Sabon Idon Malama

Ya Malamata, hasken ɗakina, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take tsaka! Ya ruwan farkon damina da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, har ƙamshinta ya tashi ya cika gari! Uwar 'ya'yana, abokiyar hirata, mai gyara min magana tun kafin in gama furta ta, ina yi miki sallama irin ta mutumin da kewa ta hana shi sakat. Yaya jiki? Yaya idon? Yaya Auta da maigidanta, da 'yar jikallen nan tamu mai kumatu kamar an hura?

Kada ki yi min dariyar girman baƙaƙen nan. Na san sun yi kama da waɗanda kike rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo, kuma da gangan na yi. Auta ta gaya min a waya cewa likita ta yarda ki fara karatu kaɗan-kaɗan da sabon tabarau, sai na ce wallahi takardar magani ba za ta riga ni shiga idonki ba, jarida ma sai dai ta bi layi a bayana. Na ajiye zarto, na wanke hannu, na share bencin aiki, na zauna. Kafinta da biro! Maƙwabcinmu mai walda ya leƙo ya gan ni ina cizon murfin biro, ya ce ko gwamnati ce ta ba ni kwangilar rubuta doka. Na ce masa wadda nake rubuta wa ta fi gwamnati iko da ni.

Tun da na dawo na bar ki can gidan Auta, gidan nan ya zama kamar bishiyar da tsuntsaye suka yi wa ƙaura. Ƙofa na nan, taga na nan, tukwane na kife inda kika bar su, amma babu mai ce min, "Malam, kakkaɓe jikinka a waje, kada ka shigo min da garin katako." Ashe faɗanki ma abinci ne ban sani ba? Ashe tsakin da kike yi in na bar kofi a bakin taga shi ne kiɗan gidan? Safiya da sauƙi, aiki na ɗauke min hankali. Amma idan la'asar ta yi sanyi, inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida, sai in rasa inda zan sa kaina. Lokacinmu ke nan, ke ma kin sani. Lokacin da nake ɗauko littafi, ke kuma ki gyara zama, Goggon cikin littafin ta fito ta yi mana hukunci.

Kin tuna yadda abin ya faro? Yanar idon nan a sace ta shigo miki, kamar hayaƙin da ke bin ƙarƙashin ƙofa. Kika yi ta ɓoyewa, ke mai ƙarfin hali. Ranar da kika tsiyaya shayi a kan tebur, kofi na gefe yana kallonki, cewa kika yi kofin ne ya matsa. Ranar da kika yi wa rigata da ke rataye a ƙusa sannu da zuwa, har kika ji haushi ba ta amsa ba, muka yi dariya har na riƙe ciki. Muna ta mayar da abin wasa, don wasan ya fi sauƙin haɗiya.

Sai wata rana na shigo daga shago na same ki zaune a bakin gado da tsohon littafin nan mai koren bango, wanda kika yi shekara da shekaru kina koyarwa, wanda iyayen ɗalibanki ma sun karanta a zamaninsu. Kin kai shi har bakin hancinki, kin nisanta shi, kin karkata shi wajen haske. Da kika ji motsina sai kika rufe shi a hankali kamar mai rufe idon mamaci, kika ce, "Malam, baƙaƙen sun gudu sun bar ni." Ba ki yi kuka da murya ba, amma na ga hawaye ya ɗiga a kan bangon. Ya rabin raina, ban taɓa jin guduma ta sauka a yatsana da zafin da maganar nan ta sauka a ƙirjina ba. Ban san sanda na karɓe littafin ba. Na ce idan sun gudu daga wajenki ai ba su gudu daga wajena ba, zan kamo miki su ɗaya bayan ɗaya.

Kai, amma na sha wuya, ke ma kin sha! Ni da karatuna bai wuce lambobin awo da sunan fenti ba, ga ni a gaban jimloli masu tsawo kamar katakon rufi. Ina tuntuɓe, ina komawa baya, ina tsallake layi. Ke kuwa littafin na cikin kanki kaf. Sai in ji kin ce, "Akwai waƙafi a nan, numfasa." Ko ki ce, "Ba haka attajirin ke magana ba, shi a ƙasaice yake yi, kai kuma kana karanta shi kamar mai cigiyar akuya." Na yi fushi, na ajiye, na sake ɗauka. Sannu a hankali harshena ya saba, har na fara yi wa kowa muryarsa: ta attajiri mai kauri, ta babban ɗansa mai sanyin munafunci, ta ƙaramin ɗan nan mai zuciya a kusa wanda kika ce da ni aka yi awonsa. Muryar Goggo ce ta fi ba ni wahala, don kin ce ba a yi mata sauri, ba a kuma yi mata kuka-kuka irin na tsofaffin wasan kwaikwayo.

Da farko ban so tsohuwar nan ba, na gaya miki. Yayar attajiri ce kawai, tana zaune a ɗan ɗakin da ke jikin kicin, kullum da allura da zare tana facin kayan yara. Ba ta da dukiya, ba ta da muƙami, 'ya'yan ƙanenta na ta rigima a kan wanda zai gaji kantin uba, gida na neman kifewa, ita kuwa sai ta bari kowa ya gama kumfar baki sannan ta ɗago kai ta faɗi magana biyu ta koma ɗinkinta. Na ce miki ta cika iyayi. Kika yi murmushin nan naki na gefen baki kika ce in dai ci gaba.

Ai kuwa ba a daɗe ba ta fito daga littafi ta tare a gidanmu. Kin tuna ranar da tartsatsin mai walda ya tsallako ya kama katakon da na jingina a katanga, wanda zan yi ƙofofin makaranta da shi? Allah ya kiyaye aka kashe wutar da wuri, amma katakon ya tashi daga aiki. Na shigo gida idona ya rufe, ina neman hulata in je in yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a. Ina huci kamar bijimi sai na ji murya daga ɗaki, a hankali, ba sauri: "Zauna tukuna, ɗana. Maganar da ka ɗauko a tsaye, in ka zauna za ka ga rabinta ta zube a hanya." Na tsaya cak, don maganar Goggo ce, jiya-jiyan nan da bakina na karanta miki ita. Na ce ke Malama, ba lokacin wasa ba ne. Kika turo min kwano kika ƙara da wata: "Ci abinci, sannan mu ji ko har yanzu ranka a ɓace yake." Na zauna don kunya, na ci don yunwa, kafin in suɗe hannu wutar cikina ta ragu ta zama garwashi. Da na fita na tarar da mutumin tsaye a ƙofar shagona ya yi tsuru-tsuru, shi yana cewa ni na jingina katako inda bai kamata ba, ni ina cewa shi ya yi aiki ba kariya. Sai na ji bakina da kansa yana faɗin abin da Goggo ta gaya wa yaran nan ranar da suka cika gida da gardama: "Tun safe kuke tambayar wa ya fasa randa. Ni dai ƙishirwa nake ji, wa zai ɗebo ruwa?" Ya yi sororo yana kallona, ya ce wace randa kuma? Muka fashe da dariya. Washegari shi ya kawo ƙarfe, ni na kawo katako, muka tayar da kariya tsakanin shagunan. Yau ba ni da abokin shan shayi kamarsa.

Daga nan fa shi ke nan, maganar Goggo ta zama gishirin gidanmu. Auta ta kira a waya tana ta ɗaga murya a kan wani saɓani da maigidanta, kika bari ta gama tas, kika ce, "Na ji kina da gaskiya. To me ya kawo ihu, ko gaskiyar ce ke miki ciwo?" Sai yarinya ta ce, "Mama, wannan ba maganarki ba ce, ta tsohuwar littafin nan ce." Kika ce ai gara da ta gane, ashe ba a banza kika koyar da ita ba.

Abu ɗaya ne Goggo ta daɗe ba ta ci galabarsa ba, shi ne tsoronki. Likitar ido ta duba ki ta ce yanar ta nuna, aikin ɗan ƙarami ne, mutane na yi kullum su koma gida da ƙafarsu. Kika ce a kai kasuwa. Na lallasa, Auta ta roƙa, ƙanwarki ta yi tattaki ta zo ta yi miki kuka, kika ƙeƙashe ƙasa. Ni kuma na san dalili, shi ya sa ban iya yi miki faɗa ba. Kin ga abin da ya sami mahaifiyarki a zamanin da, sanda wani mai taɓa ido na gargajiya ya tafi da ɗan sauran ganin da take lallaɓawa da shi, ta ƙare rayuwarta tana laluben bango. Kika ce min gara hayaƙin da kika saba da shi da duhun da ba ki sani ba. Me zan ce? Sai dai in fita shago in yi ta buga ƙusa inda ba a bukatar ƙusa.

Har dabara na yi, kin tuna? Wata la'asar ina cikin karatu na gyara murya irin ta Goggo, na ce, "Duk macen da likita ta ce a yi mata aikin ido, to ta yi wa Allah ta yarda, kada ta wahalar da mijinta." Na ci gaba da karatu kamar ba ni ba. Kika karkato da kai wajena, kika ce, "Malam, wane shafi ne wannan?" Na ce shafin da muke. Kika ce, "Ikon Allah, na koyar da littafin nan har gashina ya yi fari, ban san Goggo ta taɓa zuwa asibitin ido ba. Kuma ita ba ta taɓa cewa a yi abu don tausayin miji." Sai dariya ta ƙwace miki, kika yi ta yi har da tari, har sai da na kawo miki ruwa. Wayyo daɗi! Ko ban ci nasara ba, na ji dariyar da na yi watanni ban ji ba, kamar ƙorama ta ɓalle bayan fari.

Abin da ƙaryar da na shirya ta kasa, gaskiyar littafin ta yi shi. Auta ta haihu, aka kawo mana jaririya gida, aka ɗora miki ita a cinya. Na ga yadda kika bi fuskarta da yatsa, goshi, hanci, haɓa, kina tambayar kowa da wa take kama, kowa na gaya miki abin da ya ga dama. Kika yi murmushi, amma ni da na san murmushinki kala-kala na san wannan na dole ne. Bayan sun tafi muka koma karatunmu, muka iso inda 'yar autar attajiri za ta haye kogi a kwale-kwale, ruwa ya cika ya batse, don ta je ta dawo da yayanta kafin ubansu ya cika. Yarinya na tsaye a ƙofar kicin tana cewa ita tsoron ruwa take yi. Ke kin san abin da ke tafe, don na ga kin damƙe gefen zanenki. Na karanta a hankali yadda kika koya min: "Wa ya ce ki daina jin tsoro? Ji abinki, 'yata. Amma ki sa takalmi, ki riƙo hannunsa ku tafi tare. Tsoro ma yana da ƙafa." Kika ce in maimaita. Na maimaita. Kika saki gefen zanen. Can kika ce, "Shekara nawa ina sa yara su haddace maganar nan don jarrabawa, ashe ni ce ban ci ba. Kira min Auta." Ya farin wata ɗan daren sha huɗu, da ina da fukafukai ranar nan da na kai saƙon da kaina kafin waya ta gama ƙara!

Ranar aikin kuwa abin kunya sai ni. Ke da ake shirin shiga da ke kina zaune shiru kina jan addu'a, hannunki a cikin nawa, fuskarki kamar ruwan tafki da safe. Ni kuwa na hana barandar asibitin nan zaman lafiya. Na je ƙarshe na dawo, na tambayi nas, na sake tambayarta, na gano cewa bencin da ake jira a kai ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, na fara neman abin da zan tokare ta da shi. Auta ta riƙo rigata ta ce, "Baba, don Allah kada ka sa a kore mu. Me Goggo ta ce a kan tsayuwa?" Na zauna. 'Yar da na goya da hannuna tana yi min karatu daga littafin da na sha wuya kafin in iya! Da aka turo ki da auduga a idon dama kika ce ashe har an gama, ke kina jiran a fara, sai na juya na fuskanci bango, wai ina duba fentin.

Sai washegari da safe, safiyar da ba zan manta ba ko an ɗauke min sauran safiyoyin duniya. Ɗakin cike yake: likita, nas, Auta da jaririya a kafaɗa, maigidanta, ƙanwarki. Ni na raɓe can baya kusa da ƙofa. Likita ta ce, "Mama, a hankali, kada ki yi sauri." Ta ɗaye audugar. Kika ƙifta, kika runtse, kika sake buɗewa. Akwai wata magana ta Goggo da ta gaya wa wata budurwa a littafin, wadda na karanta miki na wuce ban ɗauke ta da nauyi ba: "Kada ki tambaye shi ko yana son ki, kowa ya iya cewa e. Ki bari ya shigo ɗaki cike da mutane, ki ga wa idonsa zai fara nema." Malama, na ga sabon idonki ya wuce likita da ke ɗaga miki yatsu, ya wuce Auta, ya wuce ƙanwarki da ke ta hamdala, yana yawo yana nema, har ya iso bakin ƙofa ya tsaya. A kaina ya tsaya! Ni, tsohon kafinta mai kaushin hannu! Wace bishiya ce aka taɓa yi wa irin wannan ruwan? Wane matafiyi ne ya taɓa samun irin wannan rijiyar a tsakiyar daji?

Ina jiran in ji wata magana mai daɗi irin ta littafi, sai kika ce, "Innalillahi, Malam, yaushe ka yi furfura haka? Kuma wa ya bar ka ka fito da maɓallin riga a karkace?" Ɗaki ya kaure da dariya, likita har da dafa tebur. Ni kuwa ina dariya hawaye na bin gemuna, don na san wadda ta hango maɓalli daga can ta warke. Sannan aka miƙo miki jaririya. Kika zuba mata ido kika daɗe, kika ce duk ƙarya aka yi miki, ba ta yi kama da kowa ba sai mahaifiyarki. Kika sumbaci goshinta. A hanyar fita kika tsayar da mu a gaban wata bishiya mai jan fure a harabar asibiti, kika ce ashe ja haka yake da ja, kin manta. Kuma tun ba mu kai mota ba kika juya kina tambayar yaushe za a yi na hagun. Ke da aka yi ta fama da ke!

Abu ɗaya ya rage min daɗi, da likita ta ce kada ƙura ta kusanci idon sai ya warke sarai. Auta ta kalle ni, na kalli ƙasa, don kowa ya san gidan kafinta. Haka na baro ki wajensu na dawo ni kaɗai, zuciyata rabi a ƙirji rabi a ɗakin baƙin Auta. Amma ban zauna haka nan ba. Na kwashe injin yanka da duk aikin guga na mayar can bayan shagon mai walda, ya ba ni fili, garin katako ba zai ƙara shigo miki tsakar gida ba. Na wanke tagogi, na ga dattin da muka yi shekaru muna zaune da shi, ke ba kya gani ni kuma ba na kula, na ce lallai in ba a yi maza ba zan sha faɗa. Na kuma yi miki kujera. Ba irin ta kasuwa ba: mai jingina daidai bayanki, mai faɗin hannu inda za ki ɗora littafi da kofi, na goge ta da samfefa har ta yi santsi kamar kuncin jikarmu. Na ajiye ta a bakin tagar gabas inda hasken safe ke fara sauka. Ba wanda ya zauna a kai. Mai walda ya so ya gwada, na ce ya kuskura.

To ga roƙona, ya sanyin idona, kuma kada ki yi dariya. Ina murna, Allah ya sani ina murna kamar gonar da ta sha ruwa. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani ɗan abu da ke cizona. Yanzu da baƙaƙen suka dawo miki, me za ki yi da mai karatu mai tuntuɓe? Za ki buɗe koren littafinki ki bi shi a guje kamar da, shafi na bin shafi, ni kuma in koma wajen ƙusoshina. Malama, kada ki sallame ni daga aiki! A duk ayyukan da na yi a duniya, ƙofofi da gadaje da rufin ɗakuna, ba wanda na yi alfahari da shi kamar zaman nan na la'asar, ina karatu kina gyarawa. A nan na san ki sabuwa bayan na zaci na gama saninki. A nan na gane cewa matar da na aura tun muna da ƙuruciya kogi ce, ni kuma duk shekarun nan a bakin gaɓa nake wanka. In kin ga dama mu raba: ke ki ɗauki attajiri da 'ya'yansa, ki bar min Goggo, don na sha wahala kafin in sami muryarta. In mun gama wannan ki zaɓo wani, ko mai kaurin bulo ne, zan shiga.

Ni kuma ga alkawarina. Zan riƙa ɗiga miki magani a kan lokaci, hannuna ba ya rawa in dai aikin awo ne. Zan raka ki aikin ido na biyu, in zauna a benci kamar mutumin kirki, ko da ƙafafunsa huɗu duk sun bambanta. Zan kai ki duk inda kike son gani: bakin ruwa, kasuwar furanni, tsohuwar makarantarki, ki ga yadda bishiyoyin da kuka dasa da ɗalibai suka wuce rufin azuzuwa. Duk abin da hayaƙin nan ya ɓoye miki sai na bi shi ɗaya-ɗaya na mayar miki. Idan kuma wata rana nawa idon ya gaji, to na san a hannun wa zan faɗa, ba ni da fargaba.

Abu na ƙarshe. Na yi shekaru ban ga rubutun hannunki ba, mai kwanciya gefe kamar ciyawar da iska ke shafa. Ina marmarinsa kamar yadda ake marmarin ruwan sanyi. Kada ki wahalar da idon da doguwar amsa. Ki sa Auta ta nemo miki jan biro, ki bi wasiƙar nan ki zagaye duk inda na yi kuskure, na san suna da yawa, ki ba ni maki a ƙasa ki sa hannu, ki ba direban motar safe ya kawo min. Ko sifili kika ba ni zan yi masa firam da katako mafi kyau a shagona in rataye inda kowa zai gani, in ce Malamata ce ta rubuta, da idonta ta gani.

Naki ne ni tun gashina na baƙi, naki ne yau da ya yi fari, naki ne har ranar da za a ajiye zartona a rufe shagon. Ba ni da wata inuwa sai ke, ba na kuma nema.

Mijinki mai jiranki a bakin ƙofa,
Kafintanki.